Kurakuran da aka fi yi wajen gane baƙon murjani a tankin gida

Masu kiwon murjani mai rai, wato wata halittar teku, a tankin gilashi ba mu da yawa a ƙauyukan da ke tsakanin Ringim da Taura, amma duk sabon shiga sai ya turo mini hoto ta WhatsApp yana cewa, "Malam, wannan wane iri ne?" Kusan kullum a ƙarƙashin shuɗiyar fitila yake ɗaukar hoton, don yana so a gane halittar da launinta. To, babu shaida mai rauni kamar launi. Yawancin murjani yana ɗauke da ƙananan ƙwayoyin gansakuka a cikin tsokarsa, waɗanda suke samar masa abinci daga haske. Idan haske ya yi kaɗan sai ya rine ya koma ruwan ƙasa, idan kuma zafin ruwa ya haura digiri 30 ya daɗe a haka, abin da ke saurin faruwa a watan Afrilu idan batirin sola ya gaza, sai ya fitar da ƙwayoyin ya yi fari fat. Ruwansa yana son digiri 24 zuwa 27. Ni dai ba na duba hoto sai an ɗauke shi da farin haske, daga sama da kuma daga gefe.

Siffa ake dubawa. Jikin murjani tarin ƙananan halittu ne, kowace da bakinta. A sami gilashin ƙara girma a ƙirga 'yan yatsun da ke kewaye da baki guda. Idan takwas ne cif, masu gefe kamar gashin tsuntsu, murjani mai laushi ne. Idan shida ne ko ninkin shida, kuma akwai ƙashi mai tauri a ƙarƙashin tsokar, yana cikin masu gina dutse. A cikin masu rassa, Acropora yana da baki guda fitacce a kan tsinin kowane reshe, Montipora ba shi da wannan, Pocillopora kuwa jikinsa cike yake da ƙuraje. Sanin dangin ya isa a san hasken da ya dace da ƙarfin gudun ruwa. Ainihin jinsin kuwa, ko masana sai sun duba ƙashin.

Yanzu ga kuskuren da ya fi ci mini rai. Dutsen da ake kawo mana daga Legas yakan zo da baƙin da ba a gayyata ba, kuma mafi sharrinsu ita ce Aiptasia, wata 'yar halitta ruwan ƙasa mai dogayen yatsu sirara, wadda ba murjani ba ce ko kaɗan. Na yi tafiya na bar wa ɗan ƙanina kula da tanki, ya ga guda ɗaya ta fito, ya yi ta ba ta abinci yana murna. Da na dawo ya tare ni da albishir: "Baffa, murjaninka ya haihu." Kafin in gama yi masa bayani, washegari ya sa reza ya kankare su don ya faranta mini, alhali duk guntun tsokar da ya rage sabuwa yake zama. Suka bazu kamar ƙuduji a gonar gero, suka harbe mini murjani mafi tsada da nake da shi har ya mutu. Gane ta ba shi da wuya: a kusanto ta da tsinke, za ta shige rami cikin ƙiftawar ido, abin da murjani ba ya yi da irin wannan sauri. Ni sirinji nake sa wa ruwan lemon tsami kaɗan in tsira mata a baki, guda biyu ko uku a rana don kada ruwan ya yi tsami. Wanda ya kankare kuma, kada ya zo mini da kuka.

Kuskure na gaba ya wuce asarar kuɗi, batun rai ne. Akwai masu kama da maɓallan riga jere a kan dutse, dangin Zoanthus da Palythoa, kuma wasu daga cikinsu suna ɗauke da dafin palitoksin, wanda yake cikin mafiya ƙarfin dafin da aka sani. A shekarar 2015 hukumar hana yaɗuwar cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton mutanen da suka kamu da zazzaɓi da sarƙewar numfashi a Alaska bayan sun shaƙe shi a gidaje da shagunan kifi. Amma sai ka ga saurayi ya tsoma hannu tsirara, da yankan lauje a yatsa, yana murza abin da bai san sunansa ba, ko ya ce zai zuba wa dutse tafasasshen ruwa a tsakar gida inda yara suke wasa. Wannan ganganci ne, domin tururin ne yake ɗaukar dafin zuwa huhu. Sai da safar hannu da tabarau, ba a tafasawa, ba a gogewa da buroshi, kuma wanda numfashinsa ya sauya bayan ya taɓa tanki ya tafi asibiti ya faɗi abin da ya taɓa.

Sauran ƙanana ne. Sunan da mai sayarwa ya faɗa sunan kasuwa ne, ba hujja ba. Sarcophyton, wani murjani mai laushi, yakan rufe na kwanaki yana saɓa, kada a zubar da shi da zaton ya mutu. A leƙa tanki da tocila bayan sallar isha, domin murjanin Tubastraea mai ruwan lemo da dare yake buɗewa, ba ya dogara da haske, sai an ba shi abinci baki da baki, murjanin Galaxea kuma a lokacin yake miƙo dogayen yatsun da yake harbin maƙwabta da su. Duk baƙon da ban tantance ba, a ƙaramin tanki na daban nake ajiye shi, ina ɗaukar hotonsa kowace Juma'a, har sai ya sake ya nuna siffarsa.