Duba lasisin sheda kafin ka sa ta a aikin kuɗi

Sheda (shader a Turance) ita ce 'yar manhajar da ke gaya wa kwamfuta yadda haske zai sauka a jikin abu: kaushin jar ƙasar Hasumiyar Gobarau, ko ƙyallin ruwa a ƙasan rijiyar Kusugu. Matasan Katsina da ke haɗa tallan shaguna da bidiyon biki a Blender, manhajar ƙera hotunan 3D, sukan kwaso ta daga intanet, kuma a nan ake yin tuntuɓe.

Fara da kan fayil ɗin, nan mai shi ke rubuta sharaɗi. In babu komai, kada ka ɗauka kyauta ce. Rashin lasisi yana nufin haƙƙin duka na hannun mai shi, ko da a GitHub, shafin da ake ajiye kod, ka tsinto ta. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 ma tana kare manhajar kwamfuta ba tare da an yi rajista ba.

Shadertoy, shafin da ake raba sheda, shi ne ya fi kama mutane. A can, duk shedar da mai ita bai faɗi wani lasisi ba tana ƙarƙashin lasisin Creative Commons mai suna CC BY-NC-SA 3.0, wato ka ambaci sunansa, kada ka yi kasuwanci da ita, in ka gyara ka raba kuma sai da wannan sharaɗin. Tallan da mai shago a Ƙofar Ƙaura ya biya ka kasuwanci ne, ko dubu biyar ya ba ka. Sauya launi, ko mayar da kod ɗin daga yaren sheda na GLSL zuwa na OSL, bai maishe ta taka ba. Ka rubuta wa mai ita ka nemi izini, ka adana amsar.

Lasisin MIT da sauƙi: yi kasuwanci, amma bar sunan mai shi da rubutun lasisin tare da kod ɗin. Lasisin CC0 kuwa babu sharaɗi.

Blender kanta tana ƙarƙashin GPL, lasisin da ke wajabta raba kod da sharaɗi iri ɗaya, sai dai hotuna da fayilolin .blend da ka ƙirƙira naka ne, ka sayar yadda kake so. Wurin lura shi ne in ka naɗe shedar cikin ƙarin manhaja na Blender da aka rubuta da yaren Python ka raba, to wannan ƙarin sai ya dace da GPL. Abin da ka saya a Unity Asset Store, kasuwar kayan haɗa wasannin kwamfuta, kuwa za ka iya sa shi cikin wasanka, amma tura ainihin fayil ɗin a rukunin WhatsApp saɓa yarjejeniya ne.

In shedar taka ce, rubuta sunanka da shekara a layin farko, sannan layin SPDX-License-Identifier: MIT, ka haɗa da fayil mai suna LICENSE. Ga kod, MIT ta fi, domin Creative Commons da kansu ba sa ba da shawarar lasisinsu ga manhaja. Hotunan da shedar ke jawowa lasisinsu daban ne, kuma nan aka fi mantawa. Na shafin Poly Haven CC0 ne. Wanda ka samo a Google cire shi kafin ka raba, ko ka ɗauki hoton bangon da wayarka.