Yadda Ake Fitar da Jimlar Jeri Mai Tazara Ɗaya a Rubutun Sigma

Alamar Σ harafin Girkanci ne mai suna sigma, a lissafi kuwa umarni take bayarwa: tara. A ƙasanta ake rubuta inda ƙidaya za ta fara, a samanta inda za ta tsaya, a gabanta kuma ƙa'idar da ke fitar da kowace lamba. Idan aka ce Σ(3k + 2) daga k = 1 zuwa 20, sai ka sa 1 a gurbin k, sannan 2, sannan 3, har 20, ka tara abin da ya fito: 5 + 8 + 11 + ... + 62.

Da farko duba ko tazarar da ke tsakanin lambobin ba ta canzawa. Ba sai ka lissafo su ba, ƙa'idar ma ta isa. Muddin k yana tsaye shi kaɗai, an ninka shi da wata lamba an ƙara ko an debe wata, to tazara ɗaya ce, kuma lambar da ke manne da k ita ce tazarar. A nan 3 ce. In ka ga k² ko 2ᵏ, wannan hanya ba ta aiki.

Abu uku kake bukata: lamba ta farko, ta ƙarshe, da yawan lambobin, wato n. Jimla ita ce n × (ta farko + ta ƙarshe) ÷ 2. Dalilin ba boyayye ba ne. Haɗa 5 da 62 ka sami 67, haɗa 8 da 59 ka sake samun 67, domin duk abin da aka ƙara daga gaba an rage shi daga baya. Lambobi 20 sun ba da tagwaye 10, sai 10 × 67 = 670.

Wurin da aka fi yin tuntuɓe shi ne n. Lambar da ke saman sigma takan zama n ne kawai idan an fara daga 1. Ɗauki Σ(4k − 5) daga k = 7 zuwa 30. Ta farko 4 × 7 − 5 = 23, ta ƙarshe 4 × 30 − 5 = 115. Wani zai ce n ai 30 ce, wani ya debe 7 daga 30 ya ce 23. Duk ba haka ba ne. Ana debe ta ƙasa daga ta sama a ƙara 1, saboda 7 ɗin ma tana cikin ƙidaya: 30 − 7 + 1 = 24. In kana shakka, ƙirga 7 zuwa 9 da yatsu: uku ne, ba biyu ba. Jimla ta zama 24 × 138 ÷ 2 = 1,656. Wanda ya manta da 1 zai sami 1,587, ya yi asarar 69, wato matsakaicin lambobin jerin.

Za ka iya tantance amsar ta wata hanya: tara daga 1 zuwa 30 ka sami 1,710, tara daga 1 zuwa 6 ka sami 54, ka debe. Lura, 6 ce ba 7 ba.

Haka abin yake idan an fara daga sifiri. A Σ(50 − 6k) daga k = 0 zuwa 10 lambobi 11 ne, jerin kuma raguwa yake yi daga 50 har −10. Kada alamar debewa ta kuɓuce maka: 50 + (−10) = 40, jimla 11 × 40 ÷ 2 = 220. Kasancewar n mara ce, ba cika ba, bai ɓata komai ba, don lambar tsakiya, 20, rabin tagwaye ɗaya ce.

Wani lokaci jerin ake ba ka a buɗe, kamar 8 + 13 + 18 + ... + 103, a ce ka mayar da shi sigma. Tazara 5 ce, don haka fara da 5k. Idan k = 1, 5k ta ba da 5 alhali 8 ake nema, sai ka ƙara 3: 5k + 3. Warware 5k + 3 = 103 ka sami k = 20, jimla kuma 20 × 111 ÷ 2 = 1,110. Sa ƙa'idar cikin baka biyu yayin rubutawa, wato Σ(5k + 3), domin ana iya karanta Σ5k + 3 a matsayin ƙara 3 sau ɗaya tak, amsa ta sauko zuwa 1,053.