Yadda za ku ɗauki fim ɗin tafiya cikin lokaci a fadarku da salula ɗaya

Telekomand ne ya fara kama ni. A wani fim ɗin Japan na 2005 mai suna Summer Time Machine Blues, wasu ɗalibai sun tsinci na'urar da ke kai mutum baya ko gaba cikin lokaci. Ina suka nufa? Jiya. Sun koma ne su ɗauko telekomand ɗin kilim ɗinsu, wato na'urar sanyaya ɗaki, tun kafin koka ta zube masa ya lalace. Wanda ya taɓa cin watan Afrilu a Tawa ba sai an yi masa bayani ba. Daren da muka kalle shi a fada, wurin da muke zaman hira da shayi, ƙanena cewa ya yi, "Yaya, ni da na samu, jiya zan koma in cika sharjin salula kafin a ɗauke kuran."

Daga nan muka ce mu ma sai mun gwada namu. Sau uku muka ɗauka kafin ya yi kyan kallo.

Kafin ku taɓa kyamara, ku nemi Beyond the Infinite Two Minutes na 2020, wanda Junta Yamaguchi ya ba da umarni, Makoto Ueda ya rubuta. Shi Uedan ne ya rubuta wasan dandamalin da aka mayar fim ɗin telekomand, kuma ƙungiyarsu ta wasan kwaikwayo, Europe Kikaku, a Kyoto take. Fim ɗin kamar minti 70 ne. Wani mai shagon kofi ne ya hau ɗakinsa da ke saman shagon, sai ya ga kansa cikin allon kwamfuta yana yi masa magana daga ƙasa, daga minti biyu masu zuwa. Shi ke nan fa. Shago, bene, allo biyu. Ku kalla sau biyu: na farko ku sha dariya, na biyu ku riƙe agogo kuna lissafi.

Sai ku zaɓi buƙata ƙarama. Kada wanda ya kawo zancen ceton duniya, ba ku da kuɗinsa, kuma ba ya ba da dariya. Mu shayi muka ɗauka. Na cikin tele, wato shi kansa na minti biyu masu zuwa, ya ce wa na zaune, "Kar ka sha na biyun nan, gishiri aka zuba." Shi kuwa ya tsaya yana tunani: in ban sha ba, ta yaya zan san gishiri ne har in gargaɗi kaina? Haka ya runtse ido ya kurɓa. Daɗin finafinan nan ke nan a wurina, mutum ya ga rami da idonsa, ya kuma taka ya faɗa don kada lissafi ya rushe.

Wuri ɗaya ya ishe ku, mai kusurwa biyu da ake zuwa da ƙafa. Mu zaure muka yi amfani da shi da shagon wani abokinmu tela, sakan 40 tsakaninsu.

Aikin gaske cikin kaye yake. Ku raba shafi gida biyu da bik, hagu maganar na yanzu, dama maganar na gaba, ku rubuta sakan a gefen kowane layi. Minti biyu sakan 120 ne, ku cire na tafiya, abin da ya rage shi ne na hira. Na gaba ake fara ɗauka. Ɗan wasa ya zauna a shago ya fuskanci salula, ya faɗi layinsa, ya yi shiru daidai tsawon amsar da za a ba shi, yana ƙirgawa a zuci. Ku sa hoton a kile na USB ku maƙala wa tele a zaure. Sannan ya dawo zaure ya yi hira da telen, yana cike gurbin shirun. Mai kyamara ya bi shi a baya har shago ba tare da ya tsayar da ɗauka ba, can kuma ya maimaita abin da aka gani, kalma da kalma, har sosa ƙeyar da ya yi. Nan ake zufa. Ƙanena sai da ya maimaita sau goma sha wani abu, don kullum sai ya riga telen magana.

Ku sa salula a yanayin jirgi, kiran waya ɗaya ya isa ya ɓata komai. Ku kuma kauce wa lokacin kiran salla da na tashin ƴan lakwal.

Ɗaukarmu ta farko rana ce ta kashe ta. Mun ɗauki na gaba da hantsi, muka tashi cin abinci, muka dawo bayan la'asar, inuwa ta koma ɗaya gefen, ga hular ɗan wasa ta canza. Ku gama duka cikin awa ɗaya, kaya ɗaya, ko shayin da ke cikin kofi ku duba inda ya tsaya.

Ta biyu kuwa akuya ce. Ta gifta bayan ɗan wasa cikin hoton na gaba, ba wanda ya lura sai da muka sa a tele. Tunda ta wuce a can, dole ta sake wucewa a sakan ɗin da ta wuce. Kawuna, wanda tun safe yake zaune a tabarma yana cewa ba mu da aikin yi, shi ya tashi ya ɗebo dusa a kwano. Ya laɓe bayan ƙofar shago, ya ce, "Kai, ɗana, in lokacin ya yi ka ɗaga mini hannu."