Yadda za ka sa ido kan haƙƙin jama'a ranar zaɓe a Kumasi

Aikin mai sa ido ba rabon faɗa ba ne, ba kuma kare jam'iyya ba. Aikinsa ya gani da idonsa, ya rubuta, ya kai inda za a ji. Ga yadda ake yi, musamman a unguwanninmu na Asawase, Aboabo da Zango.

Tun kafin ranar 7 ga Disamba, ranar babban zaɓe, ake fara shiri. Ba a barin kowa ya tsaya a rumfar zaɓe da sunan sa ido sai da katin izini daga Hukumar Zaɓe, kuma hanya mafi sauƙi ita ce ka bi ta wata ƙungiya, kamar CODEO, gamayyar masu sa ido ta cikin gida da ke aiki tun 2000. Ka haddace abu ɗaya: sashe na 42 na tsarin mulkin 1992 ya ba duk ɗan Ghana mai hankali da ya kai shekara 18 haƙƙin yin rajista da jefa ƙuri'a. Kada ka sa tufa mai launin wata jam'iyya, ko da hula ce. Ka tanadi littafi, biro biyu, waya mai caji da ruwan sha.

Ka isa rumfa kafin ƙarfe 7 na safe, ka gaisa da shugaban rumfa, ka ga an nuna akwatuna babu komai ciki kafin a rufe su.

Daga nan idonka ya koma kan layi, don a nan ake tauye mutum ba tare da kowa ya ɗaga murya ba. An ba tsofaffi, masu juna biyu da naƙasassu dama su wuce gaba? An ba makaho jakar nan mai alamun taɓawa da ake saka takardar ƙuri'a a ciki, ko wani ne ya leƙa ya dangwala masa? Idan na'ura ta kasa karanta yatsan wata Hajiya da aikin wanki da murhu suka cinye mata zanen hannu, an gwada fuskarta ko an cike mata takardar tantancewa, ko kuwa an ce ta koma gida? Sai kuma ciwon da mu 'yan Zango muka fi kowa sani: wani ya tare mutum ya ce ai wannan ba ɗan ƙasa ba ne, don kawai sunansa Issaka ko don ya ji yana Hausa. Na taɓa ganin wani dattijo da aka haifa a Aboabo ya naɗe katinsa ya juya, don ba ya son jayayya da yaro sa'an jikansa. Ba a kore shi ba, kunya ce ta kore shi. Irin wannan ma a rubuta shi.

Rubutun kansa yana da ƙa'ida. "An tsoratar da mutane" ba shaida ba ce. Ka rubuta lokaci, lambar rumfa, mutum nawa, me suka saka, me suka faɗa, da abin da ɗan sandan wurin ya yi. Ka raba abin da ka gani da abin da aka ba ka labari. Kada ka ɗauki hoton mai ƙuri'a a cikin ɗan shingen dangwale, kuma kada ka saki sunan wanda aka ci zarafinsa sai da yardarsa.

Da ƙarfe 5 na yamma ake rufewa, amma duk wanda ke kan layi a lokacin sai ya jefa tasa. Ana ƙirga ƙuri'u a nan rumfar a bainar jama'a, wakilan jam'iyyu su sa hannu a takardar sakamako mai ruwan hoda. Ka kwafi alƙaluman.

Yawancin masu sa ido a nan suke tattara nasu ya nasu su tafi, alhali wutar ta fi tashi a cibiyar tattara sakamako cikin dare. A Techiman ta Kudu a 2020 a irin wannan wuri aka harbe mutane. Idan ka ga ƙattai a kan babura ko masu rufe fuska, ka tuna abin da ya faru a zaɓen cike gurbi na Ayawaso West Wuogon ranar 31 ga Janairu 2019, wanda ya jawo dokar haramta ƙungiyoyin 'yan banga na siyasa a shekarar ta 2019. Ka ja baya, ka kira 112, ka rubuta daga nesa.

Washegari ka miƙa rahotonka ga ƙungiyar da ta turo ka. Idan akwai wanda aka daka ko aka tsare ba bisa ƙa'ida ba, ka raka shi ofishin CHRAJ, hukumar kare haƙƙin ɗan Adam, da takardar asibiti a hannunsa, tun kumburin bai sace ba.