Yadda zaka gane ɗan kwaɗon kan ciyawa

Da damina bayan isha'i ka ɗau tocila ka nufi fadamar bakin kogin Kaduna, amma ka sa takalmin roba saboda macizai.

Da farko bi kukan, ka haska saman ciyawa ba ƙasa ba, don shi a jikin ganye yake maƙalewa. Ƙarami ne sosai, santimita 2 zuwa 3, kan yatsunsa akwai ɗan faifai mai kama ganye.

Sai ka duba ƙwayar idon, nan ne aikin yake. In tsagar a kwance take to Hyperolius ne, wato sunan kimiyya na kwaɗon da muke nema, in a tsaye take ka fara tunanin wasu kwaɗin daban, Afrixalus, mai naɗe ƙwansa cikin ganye, ko Kassina wanda tafiya yake yi maimakon tsalle.

Kar launi ya ruɗe ka wallahi, Hyperolius sun haura iri 140 kuma iri ɗaya ma kala-kala ne, irin da ake kira nitidulus na yankinmu da rani fari fat yake komawa. Namiji ne mai kuka, maƙogwaronsa na kumbura kamar balan-balan.

Ɗau hoton baya da gefe, naɗi kukan a waya, ka ɗora a iNaturalist, manhajar da ake ɗora hotunan halittu don a tantance su. In zaka taɓa shi jiƙa hannunka tukuna.