Yadda ake gyaran birkin hannu na bas ɗin Toyota Hiace

Da zarar direba ya ce birkin hannu ya daina riƙe mota, yawancin yaran gareji sai su ɗauki sifana su ɗaure notin kebul, wato wayar ƙarfen da ke jan birkin, har ya ƙure. Ni ma na taɓa yin haka ina koyo, kuma bas ɗin ba ta yi nisa ba gangar birkin tayar baya, wato kwanon ƙarfen da ke rufe takalman birki, ta ɗauki zafi har tana ƙauri. Kebul shi ake taɓawa a ƙarshe, domin a Hiace mai ganga a baya, takalman birkin da ƙafa ke matsawa su ne hannu ke ja.

Da farko ka sa weji, wato abin tare taya, a tayoyin gaba, ka ɗaga bayan motar ka ɗora ta a kan ƙarfen tokara, domin jak kaɗai ba abin shiga ƙarƙashinsa ba ne. Ka ja birkin hannu, ka juya kowace tayar baya da hannu. Idan ɗaya ta kama ɗaya tana juyawa, matsalar tana wannan gefen, ko kebul ɗinsa ya yi tsatsa ya maƙale, ko takalmansa sun cinye.

Sai ka saki birkin ka cire gangar. Idan ta ƙi fita, kada ka dake ta da guduma. Akwai ramuka biyu a fuskarta da ake ɗaura ƙusoshi masu milimita 8, su turo ta a hankali. Kaurin fatar takalmin kada ya gaza milimita 1, amma ni ba na barin motar da ke ɗaukar fasinjoji ta kai nan. Idan ka ga jiƙa, to silindar da ke tura takalman ce ke yoyon man birki ko kuma robar da ke tare man aksil ta mutu, kuma takalmin da ya sha mai, canza shi ake yi, gefe biyu tare. Wanke shi da fetur arha ce da ke dawo da motar gareji.

Matakin da aka fi tsallakewa shi ne saita takalman. Ka sassauta notin kebul tukuna, ka mayar da gangar, sannan ta ramin da ke bayan farantin birkin ka riƙa juya ƙaramin ƙarfen nan mai haƙora da sukudireba har tayar ta kama, sai ka koma baya kaɗan-kaɗan har ta juya ba tare da gugar komai ba. Ka taka birkin ƙafa sau da yawa domin takalman su zauna, ka sake gwadawa, saboda sau da dama sai an ƙara.

Bayan haka ne za ka ɗaure kebul har ƙarar haƙoran hannun birkin ta yi daidai da adadin da littafin motar ya faɗa. Ka duba fitilar birkin hannu ta gaban direba tana mutuwa idan an saki, ka gwada motar a kan gangara da kaya a ciki, sannan bayan ɗan zagaye ka kai hannu kusa da gangunan biyu ka ji ko ɗaya ta fi ɗaya zafi.