Yadda ake ciyar da baƙon da ba ya cin nama

Ranar da maigidana ya zo da abokin aikinsa Ba'indiye gidanmu a Ƙofar Ƙaura, zakara na sa aka yanka, na soya shi ya yi ja. Mutumin ko tsoka ɗaya bai ɗauka ba. Raina ya sosu, don mu a Katsina ƙin naman mai gida kamar raini ne. Sai daga baya na ji tun yana yaro nama bai taɓa shiga bakinsa ba, kuma irinsa suna da yawa a Indiya.

To 'yar'uwa, ki fara da tambaya. Yana shan nono? Ƙwai fa? Wasu nama da kifi kawai suka bari, wasu ko man shanu ba sa taɓawa. Kada ki tsame naman daga miya ki ce ta zama tasa, romo ya riga ya ratsa ta. Ki ɗora masa tukunya daban, daddawa da albasa su ba ta ɗanɗano. Ki duba dunƙulenki ma, wasu da ɗanɗanon kaza aka yi su.

Girkinmu na gida ya wadatar. Ɗanwake da man gyaɗa da yaji, kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, awara da zafinta, ƙosai da koko da safe. Da Ba'indiyen ya sake zuwa gidanmu, ɗanwaken nan ya cinye tas har ya nemi ƙari.

Kada kuma ki tsare shi da tambayar ko likita ne ya hana shi. Idan yana shan nono, ki dama masa fura ya tafi da ita.